Akushin Baƙo

A gidanmu na Tsibiri akwai wani baƙin akushi da ake saukewa sau ɗaya tak a shekara, ranar Lahadin Ista, bikin tashin Almasihu daga matattu, wanda a lakwal, wato makarantar boko, muke ce wa Paki. Sauran kwanakin shekara yana rataye a ragaya a ƙuryar ɗakin Inna, ba mai taɓa shi. Akushin Baƙo muke kiransa. Idan mun dawo daga majami'a da hantsi, Inna za ta zuba abincin biki a ciki tun kafin kowa ya ɗanɗana, ta zaɓi tsokar da ta fi kyau ta ɗora a sama, ta rufe da faifai. Sai a kai zaure, a shimfiɗa tabarma, a ajiye ruwa a moɗa, a wangale ƙofar waje, mu koma cikin gida mu zauna. Babba ba zai sa loma a baki ba sai wani baƙo ya shigo ya ci.

Abin yana da ƙa'idarsa. Dole baƙon ya kasance wanda ba mu sani ba, maƙwabci ko dangi ba sa ciki. Ba a fita a kira shi, ba a kuma leƙa shi yana ci. Idan an ji ya tafi, sai a shigo da akushin, kowa ya kama hannun na kusa da shi, a yi addu'a, a yi waƙa, sannan a ci.

Kakana ne ya fara, mahaifin Baba. Kafin ya zama Kirista, cikin Anna yake, masu yanka a gindin itace, kuma a wannan akushin yake ajiye wa iskoki abinci a bakin ƙofa. Da ya shiga sabuwar hanya sai ya ji labarin mutum biyu da suka yi tafiya mai nisa da Ubangiji a ranar tashinsa, suna hira da shi ba su gane shi ba, sai da suka matsa masa ya tsaya ya ci abinci da su. Tsohon ya ce to ashe ana iya wuce shi a hanya ba a sani ba. Ya ƙone layunsa duka, amma akushin bai ƙone ba, mai shi kawai ya canja. Fastoci sun sha yin gunaguni a kai, wai akwai ƙanshin tsohuwar al'ada. Inna, wadda ta gaji abin daga surukinta ta kuma riƙe shi fiye da 'ya'yansa, amsarta ɗaya ce: "Pasto shina da majami'arshi, ni ina da zaurena."

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba. Idan muna shiri, Malama nake. Idan na ɓata mata rai, wanda kusan kullum ne, sai in zama "ke 'yar lakwal". Ina da saurin fushi da tsawon baki, kuma tun ina ƙarama nake ganin na gano sirrin akushin. Maƙwabtanmu Musulmi sun san al'adar sarai, sukan zauna a inuwa ranar, duk matafiyin da ya gifta su nuna masa ƙofarmu su ce shiga, naka ne. Na sha karya doka in leƙa ta tsagar bango. Na ga Bafillace da sandarsa, na ga Buzu mai sayar da kanwa, wata shekara har jandarma na gani da kakinsa na ɗamara, wanda babur ɗinsa ya mutu a hanyar Maraɗi, ya cinye tas har da suɗe yatsu. Ba mu taɓa jiran da ya wuce a dafa shayi ba. Na gaya wa Inna cewa wannan ba mu'ujiza ba ce, maƙwabta ne. Ta ce to wa ya ba ta maƙwabtan?

Shekarar da nake son in ba da labarinta, sojoji ke mulki, damina ta yi ƙarya, an kuma rufe iyaka. Baba ya riga ya rasu. Ni ina koyarwa a Maraɗi, ina haya a unguwar Zariya, a ɗaya daga cikin gidajen wani alhaji mai fataucin nesa. Ina da albashi, ba zan ce na ji yunwa irin ta mutane ba, amma bakunan da ke jiran albashin sun yi yawa, kuma gero ya zama abin da ake tambaya da raɗa. Mutanen arewa sun kwararo gari, dabbobinsu sun ƙare a hanya. Da farko ko'ina suke, a bakin kasuwa, a gindin bango, ba sa ma roƙo, kallo kawai suke yi. Daga baya sojoji suka tattara su a wani fili bayan gari inda ake rabon jar dawa. Tituna suka yi fes, kuma wallahi wannan tsabtar ta fi ba ni tsoro.

Ranar Asabar ta jajibirin biki, Hajiya uwargidan alhajin da nake haya a gidansa ta aiko mini da tiyar shinkafa. Haka muke, su aiko mana naman layya, mu aika musu abincin Kirsimeti da na Ista. Saƙon da ta haɗo da shi shi ne kada in wahalar da kaina in rama bana, in kai wa tsohuwa. Na ɗaure shinkafar a bayan ɗan babur ɗina mobilet na kama hanyar Tsibiri. Tafiyar ba nisa, amma ban haɗu da amalanke ko ɗaya ba. Gawar shanu ce a gefen hanya, fata ta bushe a kan ƙashi, ba ta ko wari.

Ƙanena ya riga ni isa. Yana da ɗan fili a Jiratawa inda ake noman ban-ruwa, can yake kwana yana gadin albasarsa, matarsa da 'ya'yansa uku suna wajen Inna. Ya zo da albasa da tumatir a ƙunshe cikin riga kamar wanda ya sato. Shi ya tare ni a zaure ya ce, "Yaya, ki shirya zuciyarki kahin ki gan ta."

Wata biyu ban zo ba. Inna na zaune a tabarma, ta jingina da bango. Ƙafafunta sun kumbura suna ƙyalli, wuyanta kuwa ya zama kamar kara. Matar ƙanena ta gaya mini a ɓoye cewa tun bayan Kirsimeti rabonta take tura wa jikoki, ta ce ta ƙoshi. A kan wannan kuma ta ɗora azuminta na kowace shekara: daga Juma'ar da aka gicciye Ubangiji ba ta cin komai sai ruwa, har sai baƙo ya ci ranar Lahadi. Na yi faɗa. Na ce Allah bai ce ta kashe kanta ba, na ce ko Pasto zai hana ta. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Sannu da zuwa, Malama. Kin sha hanya." Shi ke nan.

Da sassafen Lahadi muka tafi maƙabarta yin waƙoƙin tashi, kamar yadda 'yan majami'armu suka saba. Ƙanena ya ɗauki Inna a keke yana turawa. Muna cikin tafiya nake jin wani abu ya ɓace, na rasa mene ne, sai can na gane: gari yana wayewa ba zakara ko ɗaya da ya yi cara a Tsibiri. An cinye su. Mu ma da muka taru ba mu cika rabin yadda muka saba ba, an tafi kudu neman abinci. Muryoyinmu suka fita sirara, suka mutu nan kusa. Akwai sababbin kaburbura ƙanana a gefe, kowa ya yi ta kauce musu da ido.

Muka dawo daga majami'a muka yanka zabuwa ɗaya da ta rage a gidan. Ni na dafa. Ƙanshin miyar albasa ya cika gida, har kunya ta kama ni, ina tunanin wa zai shaƙa a waje. Inna ta sa aka sauko da akushin, ta goge shi da gefen zanenta, ta zuba shinkafa da hannunta, ta ɗora cinya da ƙirji. Na so in ce wannan ai rabin zabuwar ne, na haɗiye. Ni na kai zaure, na shimfiɗa tabarma, na buɗe ƙofa. Cikin raina na ce bana kam ko ƙiftawar ido ba za a yi ba. Shekarar yunwa ce, a ajiye shinkafa da nama a buɗe ƙofa?

Muka zauna a rumfa, tukunya a gaban Inna, an rufe. Aka ba yara kunu don su yi shiru.

Ba wanda ya zo.

Abin da na manta shi ne maƙwabta. Gidan dama da na hagu duk an toshe ƙofofinsu da ƙaya, sun yi kudu tun kaka. Na gaba kuma tsoho ɗaya ya rage a ciki, makaho. Babu mai zama a inuwa ya ce shiga, naka ne. Sannan an ce ranar ana rabon hatsi a Maraɗi, duk mai sauran ƙafa ya tafi can tun asuba.

Rana ta take. Zafin bazara ya sauko, irin wanda ke sa kunne ƙara. Ba kukan jaki, ba akuya, ba sautin daka daga ko'ina. Wasu ungulaye uku suka sauka a kan katangarmu suka jeru, ba sa motsi. Ƙanena ya jefe su, suka ɗaga kaɗan suka dawo wurin. Aka kira azahar daga nesa, muryar ladanin tana yankewa. Yara ma suka daina wasa, suka kwanta suna kallon tukunya.

"Inna, ko ruwan shinkahwa ki sha," in ji ƙanena.

"Shina tahe," ta ce.

Wajen la'asar kanta ya langaɓe gefe. Muka yi kanta da gudu, muka yayyafa mata ruwa. Idonta ya juye, fari kawai ake gani, sai da aka jima ta dawo. Na ɗebo miya a ludayi na kai bakinta, ta datse haƙora ta kawar da kai. A nan na fashe. Na ce wane irin taurin kai ne wannan, ba wanda zai zo, garin ya mutu, so take mu binne ta ranar tashi? Na ce akushin nan na iskoki ne tun asali, itace ne kawai.

Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi. Ta dube ni ta ce a hankali, "Ke 'yar lakwal, tun da aka kawo ni gidanga bai taɓa tsallake mu ba. In ya tsallake mu bana, to mi zan ci abinci in jira?"

Sai na gane ba taurin kai ba ne. Tsoro take ji. Duk watannin nan tana ganin rumbu ya ƙare, maƙwabta sun watse, ana binne yara, tana jiran wannan ranar ta ji ko har yanzu Allah ya san da gidan. Na kuma gane idan rana ta faɗi akushin na nan cike, ba za ta ci ba ko gobe. Na ji tsoro ni ma, irin wanda ban taɓa ji ba.

Na ce zan je in duba kada tururuwa su hau abincin.

"Kar ki kira kowa," in ji Inna.

"Ba ni kiran kowa."

Zauren ya yi duhu-duhu bayan hasken tsakar gida. Na tsaya a bakin ƙofa na dubi gabas, na dubi yamma. Hanya fayau, rairayi yana ta walƙiya, ko kare babu. Da na ga mutum da na kira shi, doka ko ba doka. Na jima a tsaye. Sannan na juyo na tsuguna, na ɗaga faifan.

Niyyata in juye abincin a wani wuri. Amma ina? A shekarar nan ba a zubar da shinkafa, hannuna ba zai iya ba. Sai na ce bari in ci, ai ceton rai ne. Haka na gaya wa kaina, kuma lomar farko da wannan niyyar na kai ta. Sauran kuwa ba zan yi ƙarya ba, yunwa ce da haɗama. Na ci kamar ana kora ta. Na tauna ƙashin, na tsotse ɓargon, na suɗe akushin da yatsa har ya yi ƙyalli. Ni da nake da albashi. Ina jin daɗinsa a bakina har yau, kuma ina jin kunyarsa.

Ina lasar yatsa na ƙarshe hasken ƙofa ya ragu.

Mace ce a tsaye. Ban ji takunta ba. Doguwa, cikin baƙin zane da ya koɗe ya koma toka-toka, ƙafafunta sun yi fari fat da ƙura. Tana da goyo a baya, an rufe shi ruf har kai, a cikin wannan zafin. Ƙafa ɗaya ce kawai ta leƙo ta gefe, siririya, tana lilo. Ta yi sallama da murya ƙasa-ƙasa, na amsa da baki cike da maiƙo.

"An ce mani nan aka aje mani abinci," ta ce.

Ba roƙo ta yi ba. Faɗa ta yi kamar wadda ta zo karɓar ajiyarta.

"Wa ya ce miki, baiwar Allah?"

"Wani mutum. Bisa hanya na ishe shi, muka taho tare. Shi ya gwada mani ƙohwar."

"Ina shike?"

"Ya wuce gaba."

Ta dubi akushin, ta dubi hannuna, ta dubi bakina. Fuskarta ba ta canja ba. Na ce ta zauna, don Allah ta zauna, akwai saura a ciki, yanzu zan kawo. Ta sauka a kan tabarmar a hankali, ba ta kwance goyon ba.

A nan na yi wautar da ba wanda zai yi sai ɗan gidanmu. Na ɗauki akushin na shiga da shi don in sake cikawa. Da na bar shi na ɗauki wani kwano, da ba abin da zai faru. Amma a gidanmu, shigowa da akushin nan ba komai a ciki ma'anarsa ɗaya ce.

Inna ta hango shi tun daga bakin zaure. Matar da ɗazu muke yayyafa wa ruwa ta miƙe zaune, ta rangaɗa guɗa da wata murya da ban san tana da saura ba. "Ya zo! Ya ci!" Matar ƙanena ta fashe da kuka, yara suka tashi suna tsalle. Kafin in buɗe baki Inna ta cafke wuyan hannuna na dama, ƙanena ya kama na hagu, aka yi da'ira. Ƙanena ya fara addu'a, kuma shi mutum ne da idan ya fara sai ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya har na kudu. Yatsun Inna sun nutse a fatata. Hawaye na bin fuskarta tana ta cewa na gode, na gode.

Kalma kaɗan ce. In ce ku dakata, baƙuwa na zaure ba ta ci ba. Amma sai a tambaye ni to wa ya ci na farko. Ina iya cewa baƙi biyu ne, yanzu na san haka, na yi shekaru ina shirya ƙaryar da ta dace. A lokacin kaina bai kawo ba. Abin da na gani kawai shi ne fuskar Inna, da abin da zai same ta idan ta sani. Na bar hannuna a cikin nata. Aka gama addu'a aka ɗora waƙa, baiti huɗu, na rera tare da su da ƙanshin zabuwa a bakina.

Da aka saki hannuna aka buɗe tukunya, na ga Inna ta kai loma ta farko, sai na karɓi rabona na ce zafi ya dame ni, a zaure zan ci. Ban yi gudu ba sai da na sha kwana.

Ba kowa. An shanye ruwan moɗa, an kife ta. An naɗe tabarmar tsaf an jingine ta a bango, yadda baƙo mai ladabi ke yi idan ya ci ya ƙoshi.

Na fita da kwano a hannu. Hanyar nan miƙaƙƙiya ce, ana hango nesa ta kowane gefe, kuma mace mai goyo da yunwa ba ta da sauri. Ban gan ta ba. Na bi lungu-lungu har bakin gulbi, inda babu ruwa sai yashi. Na tambayi makahon gaban gidanmu ko ya ji wucewar wani, ya ce tun safe bai ji takun kowa ba sai nawa. Shi na miƙa wa abincin. Washegari na bi ta filin da aka tara mutanen arewa a bayan Maraɗi, na yi ta duba fuskoki har wani soja ya tambaye ni wa nake nema. Na juya na tafi, mata masu baƙin zane da goyo sun fi a ƙirga.

Inna ta tashi. Kumburin ya saɓe, ta ga damina, ta ga wasu damuna da yawa bayanta, har ta goyi 'ya'yan jikokinta. Kowace Ista, idan an shigo da akushin, sai ta ba yara labarin shekarar yunwa, yadda aka jira har la'asar, yadda 'yar lakwal ta ce ba mai zuwa. Sai ta nuna ni da baki tana dariya ta ce, "Ga ta nan, ku tambaye ta, ita ta ɗauko shi wayam." Ni kuma in ce haka ne, Inna. Na sha niyyar gaya mata, har a ciwonta na ƙarshe na buɗe baki. Ban faɗa ba, kuma ban sani ba ko tausayinta ne ya hana ni ko tsoron idonta.

Akushin yana wurina yanzu, a unguwar Zariya, ni ta bar wa. Ƙanena ya yi mamaki, ya ce ai Yaya ba ta yarda da shi ba. Kowace shekara nakan dafa shinkafa da zabuwa, in zuba, in rufe da faifai, in buɗe ƙofa. Ana zuwa, ana ci, unguwa ce mai mutane. Doka ɗaya ce na karya, kuma 'ya'yana sun gaji da yi mini magana a kai: ba na komawa ciki. Kujera nake ajiyewa a gefen zaure in zauna, in ga fuskar duk wanda ya shigo. A bayan kujerar akwai wani kwano na biyu a rufe, wanda ba na ba kowa, sai rana ta faɗi in miƙa wa yara. Idan matar nan mai goyo tana raye ta tsufa yanzu, ni ma na tsufa, amma zan gane ta. Abin da ya fi damuna shi ne ƙafar nan da ke lilo. Duk tsawon tsayuwarta a gabana, da zamanta a tabarma, ban ji goyon ya yi ko tari ba.